Sabon Birni da Isa: Zaman fargaba na cin zuciya, motsa jiki na iya rage ɓarnar

Ina da wani kawu manomi a wani ƙauye da ke yankin Sabon Birni. Tun ina yaro na san shi da sammako. Kafin rana ta ɓullo ya riga ya kama hanyar gona a ƙasa, tafiyar kusan awa ɗaya, galma a kafaɗa, goran ruwa a hannu. Ranar kasuwa ya taka zuwa gari ya dawo, ban taɓa jin ya yi kukan ƙafa ko baya ba. Yau shekara uku ke nan rabonsa da ƙauyen, tun bayan da 'yan bindiga suka shiga musu har sau biyu a cikin wata ɗaya. Yanzu yana cikin garin Sabon Birni shi da iyalinsa, a wani ɗaki da wani ɗan'uwa ya ba shi aro.

Da na je gaishe shi bara, na iske shi a kan tabarma a gindin dogonyaro, rediyo a gefen kunne. Na ce, "Kawu, yaya ƙarfin jiki?" Ya ce, "Ɗana, jiki da sauƙi, kwana ne dai ba ni samu. Tun da anka raba mu da gona, ƙahwata ba ta san wata hanya ba in ba ta masallaci ba." Muna cikin hira wani babur ya wuce da gudu a bayan katanga, sai na ga ya yi zumbur ya dafe ƙirji. Ya ce haka yake fama kullum, da ya ji ƙarar babur sai gabansa ya yanke ya faɗi. Na lallaɓa shi muka je aka auna jininsa, na'ura ta nuna 170 bisa 100. Mutumin da bai taɓa kwanciya asibiti ba, ga shi da hawan jini bai sani ba.

Tun daga ranar nake tunanin wata asara da ba a cika lissafa ta ba idan ana maganar rashin tsaro a gabashin Sakkwato. Ana ƙirga rayukan da aka kashe, da shanun da aka kora, da gonakin da suka koma daji, da kuɗin fansa. Ba a ƙirga dubban mutanen da aka raba da motsi, aka zaunar da su wuri ɗaya, tsoro yana cin su ta ciki. Ra'ayina shi ne, a Sabon Birni da Isa motsa jiki ya tashi daga abin sha'awa, ya zama wani ɓangare na agajin da ya kamata a kai wa jama'a, kusa da hatsi da magani.

Ƙasar da ba a san ta da zama ba

Wanda ya san Gobir ya san ba ƙasar zaman kashe wando ba ce. A nan ne Alƙalawa take, birnin da Gobirawa suka yi mulki daga cikinsa tun ƙarni na 18 har zuwa 1808 da ya faɗa hannun masu jihadi, kuma kufansa yana nan a yankin Sabon Birni. Mutanen wannan ƙasa sun tashi a cikin noma da kiwo da su da fatauci. Da damina ana gonar tudu, da rani a gangara fadamun gulbin Rima da na Bunsuru. Ana taka ƙasa daga wannan kasuwa zuwa waccan, wasu har su tsallaka iyaka zuwa Maraɗi. Da an kammala girbi kuma sai dandali ya cika: samari su yi kokawa da dambe, yara su yi langa, 'yan mata su yi gaɗa a farin wata. Babu wanda ke kiran wannan motsa jiki, rayuwa ce kawai, amma ita ke riƙe da lafiyar mutane.

Shekarun baya-bayan nan sun rushe wannan tsari. A watan Mayun 2020 an kashe mutum fiye da 70 a rana ɗaya a wasu ƙauyukan Sabon Birni. A watan Satumban 2021 gwamnati ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Sabon Birni da Isa. A watan Disamban wannan shekara aka ƙone matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa. A watan Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannun waɗanda suka sace shi. Tun daga 2019 dubun-dubatar mutanenmu suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi neman mafaka, wasu kuma suka taru a manyan garuruwa. Waɗanda suka rage a ƙauyuka da yawansu sai sun biya harajin 'yan bindiga kafin su leƙa gonakinsu.

Sakamakon haka, manomi ya zama mai zaman inuwa. Saurayin da ke shiga fagen kokawa ya koma bakin shago yana kallon waya. Matar da ke zuwa rijiya da itace ta takure a ɗaki ɗaya da yara shida. Dandali ya mutu, domin da magariba ta yi kowa ya shige ya kulle. Jiki ya daina motsi a daidai lokacin da tsoro ya ƙaru, kuma haɗuwar waɗannan abubuwa biyu ita ce babbar matsalar.

Abin da tsoro ke yi wa zuciya

Idan mutum ya ji harbi, ko aka ce ga su nan tafe, ƙwaƙwalwa na aika saƙo ga wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su saki sinadaran adirenalin da kotizol a cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jini su tsuke, hanta ta zuba suga a jini, numfashi ya yi sauri. Duk wannan shiri ne domin mutum ya gudu ko ya kare kansa, kuma rahama ce, don ya ceci rayuka masu yawa a ƙauyukanmu. Sai dai an yi shi ne domin ɗan lokaci. Da hatsari ya wuce, ya kamata jiki ya koma daidai.

Mutumin da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe shekara da shekaru, jikinsa ba ya samun wannan dawowa. Ko babu hari akwai jita-jita, ko babu jita-jita akwai tunanin ɗan'uwan da ke daji ana neman kuɗin fansarsa. Zuciyar babban mutum na bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana. Idan kullum tana tura jini ta cikin jijiyoyin da suka tsuke, a hankali bangonta zai yi kauri, ta gaji. Daga nan ne hawan jini ke samun gindin zama, kuma shi ke buɗe ƙofa ga shanyewar ɓarin jiki, da gazawar zuciya, da ciwon ƙoda. Rashin barci da yawan suga a jini suna ƙara wa wutar itace.

Likitoci sun daɗe da tabbatar da wannan alaƙa. A 2004 an wallafa wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 52, wanda ya sanya damuwa ta gida da ta wurin aiki da ta kuɗi a cikin manyan abubuwan da ke haddasa bugun zuciya, a sahu ɗaya da shan taba da hawan jini da ciwon suga. Bayan girgizar ƙasar da aka yi a Japan a 2011, asibitocin yankin sun ga ƙaruwar masu gazawar zuciya da shanyewar ɓarin jiki makonni bayan abin ya wuce. Girgizar ƙasa ta kwana ɗaya ce. Mutanen Gatawa da Tozai da Gangara tasu girgizar ta shekara da shekaru ce.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, hawan jini ba ya sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba. A wurinmu sau da yawa sai mutum ya yanke jiki ya faɗi, bakinsa ya karkace, sannan a fara cewa iska ce ta buge shi ko jifa aka yi masa. Alhali da an auna jininsa shekara biyu da suka wuce, da wataƙila an tare abin.

Abin da motsi ke gyarawa

Tunda tsoro shirya jiki yake yi domin gudu, motsi shi ne hanyar da jiki ya sani ta sauke wannan shiri. Idan mutum ya yi tafiya mai sauri ta minti 30, tsokar ƙafafu na ƙone sugan da ya taru a jini, jijiyoyi su buɗe, kuma jininsa na iya sauka na tsawon sa'o'i bayan ya zauna. Idan ya dawwama a kan haka makonni, zuciya na ƙara ƙarfi, ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, don haka ba ta buƙatar yawan bugawa idan yana hutawa. Ga mai hawan jini, motsa jiki a kai a kai na iya rage lambar sama ta awon da kamar 5 zuwa 8. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda kuɗin magani ke gagara.

Haka abin yake a ɓangaren ƙwaƙwalwa. Motsi na sa jiki ya saki sinadaran da ke rage raɗaɗi da sanyaya rai, kuma gajiya mai kyau na kawo barci. A 2024 likitocin wani babban asibiti a birnin Boston na Amurka sun duba bayanan mutum fiye da 50,000. Sun gano cewa waɗanda ke cika adadin motsa jikin da ake so, haɗarin kamuwarsu da ciwon zuciya ya ragu da kashi 23 cikin 100. Da suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar wasu daga cikinsu, sai suka ga sashen da ke hura wutar tsoro ya fi lafawa a wurin masu motsa jiki. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, amfanin ya kusan ninkawa ga masu fama da matsananciyar damuwa. Ma'ana, wanda ya fi shiga tashin hankali shi ya fi cin moriyar motsi. A wannan shekarar ce kuma wata mujallar likitoci ta Birtaniya ta tattara gwaje-gwaje 218, ta nuna cewa tafiya da sassarfa da atisayen ƙarfafa tsoka suna rage ciwon damuwa sosai.

Wannan ilimi ba sabo ba ne. Tun 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris ya kwatanta direbobin bas masu hawa biyu a Landan da kwandastocinsu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma direba na zaune yini guda, kwandasta kuma yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Ciwon zuciya ya fi kama direbobin, ya kuma fi saurin kashe su. Kawuna a da kwandasta ne, rashin tsaro ya mayar da shi direba.

Adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so ba mai yawa ba ne: minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici ga babban mutum, wato kamar minti 30 a rana sau biyar a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu. Yara da matasa kuma awa ɗaya kowace rana. Motsi matsakaici shi ne wanda mutum zai ji numfashinsa ya ƙaru, ya ɗan yi gumi, amma yana iya magana da na kusa da shi. Ba dole ne a yi shi a lokaci ɗaya ba. Minti goma da safe, goma bayan la'asar, goma kafin magariba, duk lissafi ɗaya ne.

"Wanda bai ci ba za ka ce ya yi atisaye?"

Na san abin da wasu masu karatu za su ce, domin an faɗa mini a gabana. Wani abokina ya ce, "Malam, mutanen da ba su da abin kai wa baki, ba su san ko za su ga gobe ba, kai kuma kana maganar motsa jiki? Wannan ai zancen 'yan bokon Sakkwato ne masu zagaya filin wasa na Giginya da takalmin gudu." Maganarsa da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan yi mata kwaskwarima ba. Abin da mutanen Sabon Birni da Isa suka fi buƙata shi ne tsaro, sannan abinci. Duk wani jami'in gwamnati da zai fake da wannan rubutu ya raba ƙwallo maimakon ya tura jami'an tsaro, ya ci amanar jama'a. Wanda yunwa ta rama shi, ko yaron da tamowa ta kama, abinci yake buƙata kafin komai.

Amma mu tambayi kanmu: shekara nawa muka yi muna jiran tsaro ya dawo? Jijiyoyin jini ba sa jiran a yi sulhu ko a gama yaƙi. Dattijon da ya tsira daga harsashi ya zo gari, bayan shekara uku ɓarin jikinsa ya shanye, shi ma rikicin nan ne ya ci shi, sai dai sunansa ba zai fito a jarida ba. Iyalinsa za su sayar da ɗan abin da ya rage su kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a kan hanyar da ita kanta abin tsoro ce. A cikin duk magungunan da ke rage wannan haɗari, tafiya ce kaɗai ba a saye.

Akwai kuma masu cewa ai talaka ba ya buƙatar a koya masa motsa jiki, tunda yini yake yana wahala. Gaskiya ne wasu 'yan gudun hijirar sun koma dako da buga bulo da tura kurar ruwa. Sai dai wahala daban, motsa jiki daban. Masu bincike a ƙasar Denmak sun bibiyi mutum fiye da 100,000, suka wallafa a 2021 cewa motsin da mutum ke yi a lokacin hutunsa yana kare zuciya, amma aikin ƙarfi na yini guda a wurin neman abinci bai ba da wannan kariya ba. Dalili a bayyane yake: ɗaukar kaya mai nauyi awa takwas babu hutu yana riƙe jini a sama, ga kuma tunanin ko za a samu na cefane. Shi kuwa wasan ƙwallo ko tattaki da abokai, mutum ne ya zaɓa, yana dariya, yana tsayawa idan ya gaji. Ɗan dako ma yana buƙatar wannan, ko da sau biyu ne a mako.

Abin da za a iya yi a yanzu

Abu na farko fili ne mai aminci. Babu mai hankalin da zai ce mutane su fita bayan gari da asuba suna gudu a hanyar Goronyo ko ta Shinkafi. Amma a cikin garin Sabon Birni da na Isa akwai filayen makarantu da filayen Idi da harabar ofisoshi. Shugabannin ƙananan hukumomin biyu suna iya ware wasu daga ciki, a share su, a buɗe su daga bayan la'asar zuwa kafin magariba, a sa jami'an tsaron al'umma su riƙa tsayawa a bakin ƙofa. A ware rana ko lokaci na mata kaɗai, da na dattawa. Wannan bai kai kuɗin sayen mota ɗaya ta ayarin shugaba ba.

Na biyu, sarakuna da masu unguwanni su dawo da kokawa cikin gari. Maƙwabtanmu na Nijar sun riƙe tasu da muhimmanci. Tun 1975 suke gasar takobi ta ƙasa, wadda Kantu ɗan Maraɗi ya fara lashewa, kuma har yau idan ana yin ta ƙasar kan tsaya cak. Jini ɗaya muke da Gobirawan Tsibiri, kuma kokawa gadonmu ce tare. Ba sai an yi babban taron da zai ja hankalin miyagu ba. Unguwa da unguwa, da rana tsaka ko bayan la'asar, a tashi kafin duhu, bisa shawarar waɗanda suka san halin tsaron ranar. Saurayin da ke shirin shiga fage zai yi atisaye, zai yi barci, kuma zai rage zama a inda ake sayar da ƙwayoyi. Wannan ma riba ce, domin zaman banza da baƙin ciki su ne ke tura matasa ga shaye-shaye, wasu har ga daji.

Na uku, awon jini. Na'urar awon hawan jini ba ta da tsada, kuma ma'aikacin lafiya na matakin farko ya iya aiki da ita. A ajiye ta a bakin filin wasa, a ƙofar masallacin Juma'a, a kasuwa, a wurin rabon kayan agaji. Duk wanda ya haura shekara 30 a auna shi. Wanda aka samu da 140 bisa 90 ko sama da haka a awo fiye da ɗaya, a tura shi asibiti, a kuma yi masa bayanin rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa. Hukumar Lafiya ta Duniya na so kada gishirin da mutum ke ci a rana ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba.

Na huɗu, rediyo. A Japan tun 1928 ake watsa wani ɗan gajeren shirin atisaye a rediyo da safe, yara da tsofaffi suna bi a gida da makaranta da wurin aiki. Babu inda rediyo ke da farin jini kamar ƙasarmu. Me zai hana Rima Rediyo da sauran tashoshin Sakkwato su ware minti goma bayan labaran safe, wani ma'aikacin lafiya ya riƙa jagorantar masu sauraro da Hausar da suke ji: ɗaga hannu, tsuguna ka tashi, taka a wuri ɗaya, ja numfashi a hankali ka sauke? Wanda ba ya iya fita ƙofar gida ma zai samu rabonsa.

Na biyar, malamai da limamai. Mutanenmu suna jin maganarsu fiye da ta kowa. Da yawan dattawa na ganin girma ya hana su motsa jiki a gaban jama'a, kada a ce sun zama yara. Limami ɗaya da zai tuna wa mutane cewa jiki amana ne, kuma an ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, zai kawar da wannan kunya fiye da allon talla goma.

Kada a manta da mata

Mata su ne suka fi ɗaukar nauyin wannan rikici, kuma su ne aka fi mantawa da su idan ana maganar wasanni. Wasu an kashe mazajensu a gabansu, wasu sun yi watanni a daji, wasu suna riƙe da marayu. Ba lallai ne su fita fili ba. Tsakar gida ta isa. Mata biyar ko shida na gidaje maƙwabta su haɗu bayan la'asar, su zagaya tsakar gida da sauri na minti 15, su miƙe gaɓoɓi, 'yan mata su yi tsallen igiya ko gaɗa. Makarantun Islamiyya na matan aure suna iya ware minti goma kafin a tashi. Ribar biyu ce: jiki ya motsa, kuma wadda ta ƙunshi baƙin ciki ta samu wadda za ta yi wa magana. Ƙungiyoyin agaji da ke kawo hatsi da gidan sauro su riƙa haɗawa da igiyar tsalle da ƙwallo, su kuma horar da mata biyu ko uku a kowace unguwa da za su jagoranci sauran.

Su ma yara haka. Yaron da ya ga abin da bai kamata ya gani ba sau da yawa ba ya iya faɗa da baki. Sai dai a ga ya daina magana, ko yana fitsarin kwance, ko yana firgita cikin dare. Wasa da tsaransa na daga cikin abubuwan da ke dawo da shi hayyacinsa. Hana shi fita gaba ɗaya don tsoro yana kare shi daga wani abu, yana kuma jefa shi cikin wani.

A yi hattara

Motsa jiki magani ne, kuma kowane magani da ƙa'idarsa. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti goma, ya riƙa ƙarawa a hankali. Wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashinsa na sarƙewa fiye da kima, ya tsaya ya nemi likita. Wanda awonsa ya kai 180 bisa 110 ya fara zuwa asibiti kafin ya soma wani atisaye. Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini kada ya ajiye shi don ya fara tattaki, tare suke aiki. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine, asibiti za a kai ta da gaggawa, domin ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yi yawa a wannan yanki namu. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a nemi inuwa da sanyin yamma, a sha ruwa. Wanda kuma mafarkin abin da ya gani ya hana shi sakat, ko ya fara jin rayuwa ta ishe shi, tafiya kaɗai ba za ta wadatar da shi ba. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Kawuna yanzu yana shan maganinsa. Shi da wasu dattawa uku na unguwarsu sun daina zuwa masallacin da ke ƙofar gida don sallar la'asar, suna takawa zuwa wani da ke can ƙarshen unguwa, su dawo ta wata hanya suna hira. Da na kira shi kwanan baya ya ce har yanzu ƙarar babur na tayar masa da hankali, amma yana samun barci fiye da da, kuma awonsa ya sauka. Ya ce abin da yake roƙon Allah shi ne ya koma gonarsa da ƙafarsa.

Wannan shi ne fatan kowa a Gobir, kuma alhakin cika shi yana wuyan gwamnatin tarayya da ta jiha. Za mu ci gaba da matsa musu har sai hanyoyi sun buɗe, ƙauyuka sun sake cika. Kafin ranar ta zo, shugabannin ƙananan hukumomi da sarakuna da malamai da ma'aikatan lafiya su taimaka wa mutane su riƙe lafiyar da za su koma gida da ita. Hausawa sun ce motsi ya fi laɓewa. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.